Yadda Ɗahiru Ya Kaɗa Miya a Motar Surukarsa

Ku gyara zama ku ji ta Ɗahiru na Wurno, mijin Mashkura, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba rago ba goro. Allah sarki, mutum ne na kirki. Ba ya sata, ba ya shan komi, yana durƙusa wa manya har ƙasa. Ciwonsa ɗaya ne, tunda uwarsa ta yaye shi bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. Wata huɗu ya yi a Sakkwato yana saida kankana a ƙofar wani gareji, daga nan ya dawo gida da sifana ɗaya a aljihu da labarin inji cike da baki. Injin ban-ruwa uku ya kwance wa mutane a fadama, kuma kowanne in ya ɗaure sai ƙusoshi su yi saura, ya ce ai masu ƙera shi ne sunka yi almubazzaranci.

Abin da Ɗahiru ke so a duniya shi ne makullin motar surukarsa, Hajiya Tani. Ita manomiyar albasa ce, tana da fangali a fadama bayan gari, ta kuma sayi wata tsohuwar a-kori-kura fara don ɗaukar kaya. Shekara biyu Ɗahiru yana zagaya motar nan yana shafa ta, yana gaya wa duk mai wucewa cewa direbanta Yusha'u bai iya sa giya ba. Hajiya ba ta taɓa tanka masa ba.

To, ana cikin zafin nan na kaka, ruwa ya ɗauke, sai ciwon ido ya kama Yusha'u, idanu sunka kumbura sunka rufe. Ga shi an riga an yi magana da mai irin albasa a Goronyo, zai tuge dashe da asubar Alhamis. An gyara fangali, an ba shi ruwa, masu dashe za su taru da azahar. Irin albasa kuwa in ya bar ƙasa ba ya jiran kowa.

Ranar Laraba Hajiya ta sa anka kira Yari bakanike ya duba motar a ƙofar gida. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana share hannu. Hajiya tana daga cikin zaure, uwarta Kaka Rahama tana zaune kan tabarma a bakin ƙofa tana tauna taba. Ɗahiru yana tsaye bisa kan Yari, ya riƙe ƙugu.

Yari ya ce, "Hajiya, tiyon ƙasa na lagireto ya tsage, ruwa na ɗiga. Babu irinai nan garin, sai na aika Achida. Juma'a shi iso."

Hajiya ta ce, "Juma'a? Irin nawa hwa?"

Ɗahiru ya yi gyaran murya. "Ɗan ɗigon ga shi ka hana mota tahiya? Ni in anka ba ni ita, Goronyo ai bayan ɗaki na."

Ita Hajiya ba ta magana da surukinta kai tsaye, kunya ce tsakaninsu. Sai ta juya wajen uwarta ta ce, "Inna, a ce ma mijin Mashkura, in ya kawo min irina da rai kahin azahar, makulli ya zama nashi har a gama kwasar albasa. Ke kuma ki bi shi, ki zaɓo min mai kyau."

Kaka Rahama ta tofar da taba. Ita kakar matarsa ce, don haka wasa ne tsakaninsu, ba ta rage masa komi. Ta ce, "Maigida, ka ji. Ni dai in za ka kashe ni, ka kashe ni kusa da gida."

"Haba amaryata, kina gaban mota kusa da injiniya, mi za ya same ki?"

Yari ya ga abin da gaske ne, sai ya ja Ɗahiru gaban motar. Ya ce, "To tsaya ka ji. Inji wuta shika ci, dole shi yi zahi. Ruwan ga yana zagaya cikinai yana kwaso zahin, hwamho ya turo shi nan cikin lagireto. Ka ga 'yan hanyoyin ga sirara awa tsinken tsintsiya? Nan ruwan ka bi, iska na shigowa ta gaba, hwanka na ja, ya huce, ya koma. Shi ke nan aikin. Ka cika jarka biyu da ruwa mai tsabta, na rijiyar burtsatse. Idonka bisa allurar zahi ta gaban sitiyari. In ta wuce tsakiya ka tsaya ka kashe inji, ka nemi inuwa ka zamna. Kada ka taɓa murhin ga sai ya huce har ka iya ɗora tahin hannu. In ka buɗe da zahi, ruwan tsalle shika yi. Juma'a in na sa tiyo, in zuba mata ruwan kulan, koren nan, shi ka hana tsatsa da saurin tahwasa."

Ɗahiru yana ta gyaɗa kai yana kallon sama. Da Yari ya hau babur ya tafi, sai ya ce wa Kaka, "Kin ji dogon surutu? Lagireto ai randa ta. Randa ta ƙarhe. Mu da munka yi gareji a birni, a taƙaice muka hwaɗin abu."

"Kankana dai kas saida."

"A ƙohwar gareji. Kunne ai ba shi da ƙyaure."

Ranar Alhamis da sassafe Mashkura ta fito tsakar gida ta tarar da mijinta durƙushe gaban kwandon kayan miya, ya ciro ƙullin garin kuka.

"Maigida, mi kaka nema cikin kayan miyata?"

"Gaya min, in kin sayi sabuwar tukunyar ƙasa tana tsattsahi, mi kika yi mata?"

"In dahwa dusa ko ƙasari a ciki, ya liƙe ƙohohin."

"Madalla! To ilimi ɗaya na. Kuka ta hi dusa danƙo. In ta zagaya ta iske tsagar, ta liƙe. Kuma Yari da bakinai yac ce ruwan da aka zuba ma mota kore na. Kuka wane launi ta?"

Mashkura ta riƙe haɓa. "Tukunya daban, motar Inna daban."

"Ke dai tsaya wajen murhu. Kowa da hwanninai."

"Ai hwannin nawa kad ɗauka!"

Bai saurare ta ba. Ya je ƙofar gidan Hajiya, inji na da sanyi, ya buɗe murfin lagireto ya zazzaga kuka gwangwani biyu, ya ƙara rabi don albarka, ya cika da ruwa, ya tada mota. Ya kwanta a ƙasa yana leƙe. Ɗigo ya rage, ya rage, can sai ya tsaya cak.

Wayyo, da abin bai yi ba da an huta. Ɗahiru ya miƙe yana buga ƙirji. Ya kira mai shayi na bakin hanya, ya kira masu jiran shayi, ya sa kowa ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin mota.

"Kun gani? Ɗigo ɗaya wa yag gani? A gaya ma Yari shi bar tiyonai a Achida!"

Mai shayi ya ce, "Mi kas sa mata, Injiniya?"

"Sirrin sana'a na. Ba a hwaɗi bisa hanya."

Sauran ruwan jarkunan nan biyu kuwa, ya ga ba shi da sauran amfani tunda yoyo ya tsaya, sai ya wanke motar da shi tas, har tayoyi, don mutanen Goronyo su san direba ya sauya. Kaka Rahama ta fito da sandarta, ta hau gaba da bisimilla, sunka kama hanya.

Da sanyin safiya ne, motar kuma ba kaya, sai ta tafi lafiya lau. Ɗahiru ya jingina gwiwar hannu a taga yana danna oda ga kowane ɗan akuya. Kaka ta ce, "Maigida, ko sun ba ka bashin gaisuwa?" Ya ce haka manyan direbobi ke yi.

A Goronyo mai iri ya riga ya tuge, ya ɗaure ƙulli-ƙulli. Kaka ta zauna tana zaɓe, tana jefar da mai siririn wuya. Anka cika kwando shida, anka jera a bayan mota. Mai irin ya tsoma buhunan ashasha a ruwa, ya lulluɓe kwandunan da su, ya ce, "Ranar ga mai zahi ta. Buhunnan ga su ka riƙe masu rai. Kada a yaye sai bakin hwangali."

Ɗahiru ya ce, "Malam, kana magana da wanda yas san sanyi da zahi."

Wajen awa guda sunka yi a nan, inji ya huce. Ɗahiru ya buɗe murfin lagireto don ya nuna wa masu loda kaya aikinsa. Ya ga ruwa ya ɗan ragu. Ya tsoma yatsa ya ɗago, sai ga zare kore ya biyo yatsan har kamu guda.

Kaka ta leƙo ta taga. "Mi nika gani? Kuka kas sa ma motar ɗiyata?"

"Magani na."

"La ilaha illallahu! Wanga ai yauƙi na."

Shi ma abin ya ɗan taɓa shi, amma ga mutane na kallo. Ya ɗauki jarka, ya tuna babu komi ciki. Sai ya gangara bakin magudanar da ke kai ruwa gonaki, inda shanu sunka gama sha sunka dama shi, ya ɗebo ruwa ja kamar kunun dawa ya ɗura.

Wani mai loda kaya ya ce, "Wanga da laka ciki hwa."

"Ruwan dam na. Daga ƙarƙashin ƙasa yaka hitowa, ya hi na hiriji sanyi." Ya juya wajen Kaka. "Amarya, ba ni kanwar tabarki."

"Ka yi mi da ita?"

"Ta tsinka yauƙin, ta wanke hanyoyi."

Kaka ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Shekarata saba'in ina kaɗa miya. Kanwa ƙara yauƙi taka yi."

"A tukunya ke nan. A inji akasin haka taka yi, saboda juyin hwanka."

Ya fizgi ƙullin, ya murmushe kanwar da sifana, ya zuba, ya rufe. Kaka ta ce, "To ka gama. Daddawa ta rage da ɗan barkono."

Sunka kamo hanyar gida, rana ta ɗaga, kwalta na walƙiya. Ba su yi nisa ba allura ta bar inda take ta fara hawa. Ta kai tsakiya. Ta wuce. Ɗahiru ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ba ta sauko ba.

Kaka ta ce, "Ba nan Yari yac ce ka tsaya ba?"

"Tsayawa za ni yi, amma ba irin tasu ba."

Ya tsaya a gefen hanya, ga wata bishiyar bedi mai inuwa can gaba kaɗan, bai kai ta ba, a tsakar rana ya tsaya. Ya zagaya baya, ya kama buhunan ashasha yana yayewa daga kan kwanduna.

Kaka ta buga sanda a ƙofar mota. "Kai! Ɗahiru! Mi kaka yi?"

"Ke in kina son ruwan jarka ya yi sanyi, ba jiƙaƙƙen buhu kika naɗa mata ba?"

"To irin hwa?"

"Minti goma na. Albasa ba jinjiri ba ta."

"Jinjirin albasa na mana, ɗan banza!"

Ya kwashe buhunan duka shida, ya lulluɓe gaban motar da su, ya toshe duk inda iska ke shiga, ya ɗaure da igiya tamau. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ce ko a birni ba kowa ya san wannan ba. Motar ta zama kamar tsohuwar da ke jin zazzaɓi an rufa mata bargo. Irin kuwa ga shi a buɗe, koren ganye yana kallon rana.

Sunka tashi. Allurar da take hawa a hankali, yanzu sai ta yi tsalle ta shige cikin ja ta kwanta. Ɗahiru ya cire hularsa ya rataya a kanta.

Kaka ta ce, "Ka ruhe mata ido?"

"Allurar ga tsoro gare ta. Direban ƙwarai da kunne shika tuƙi."

"To kunnenka bai ji mota na tari ba?"

"Gyaran murya taka yi."

"Ƙahwahuna na gasuwa."

"Maganin sanyin ƙashi na, kyauta."

Can sai wani ƙamshi ya fara shigowa ta ƙasa. Kaka ta buɗe hanci ta shaƙa. Ta ce, "Ta nuna. Wallahi ta nuna. Rage wuta kada ta kama."

Wani ɗan kabu-kabu ya zo wucewa da fasinja, ya rage gudu ya jera da su yana leƙe. Ya ce, "Mai mota, gidan suna za ku? Ina tuwon?" Ɗahiru ya ɗaga gilas, zafi ya ƙaru. Karnuka biyu daga wani ƙauye sunka biyo su da gudu suna shinshina. Mata masu sussuka a bakin hanya sunka tsaida taɓarya suna kallon mota mai lulluɓi tana hayaƙi. Kaka ta leƙa baya ta gilashi, ta ga ganyen da ke tsaye ɗazu ya kwanta.

Ta daina wasa. Ta ce, "Ɗahiru, ɗana, tsaya ka maida buhunnan ga. Irin ga shi na noman ɗiyata na shekara. Ka tsaya mu nemi wata mota."

Maganar ta shige shi, don ba mugu ba ne. Har ya ɗaga ƙafa daga totur. Sai ya hango hasumiyar masallacin Wurno, ya tuna da mai shayi da mutanen da ya sa sunka duƙa da safe. A ce Injiniya ya shigo gari a motar wani? Ya ce, "Ga gida nan, Kaka. Da gudu za mu isa, iska ya hura su." Ya taka.

Motar ta kai su har tsakiyar tasha, daidai lokacin da wurin ya cika, masu rake da masu tsire da 'yan kabu-kabu kowa na harkarsa. Nan ta yi tari uku, ta girgiza kamar jakin da ya tashi daga birgima, ta mutu. Tururi na fita ta ƙarƙashin buhuna, ciki kuma ana jin ƙugi, ɓul-ɓul-ɓul.

Kan ka ce kwabo mutane sun zagaye. Mai tsire ya ce, "Injiniya, wa yal lulluɓe maka mota? Ango taka jira?"

Ɗahiru ya fito yana murmushi, gumi na zuba. Ya ce, "Da gangan nit tsaya. Ina son ku ga sabon ilimi." Ya kwance igiya, ya zubar da buhunan da sunka bushe ƙayau, ya ɗaga bonet. Ƙamshin miya ya bugi tasha gaba ɗaya.

Wata mai saida fura ta ce, "Kai jama'a, wagga kukar ƙauyen Lahodu ta, na san ƙamshinta."

Garejin Yari yana nan gefen tasha. Ya jiyo hayaniya, ya fito, ya hango Ɗahiru ya ninke hula ya ɗora bisa murfin lagireto. Ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙo yana ihu.

"Kada ka buɗe! Ɗahiru, kada ka taɓa! Ku ja baya!"

Masu hankali sunka ja baya. Ɗahiru ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku ji hassada! Tukunya in tana tahwasa ba murhi aka ɗagawa ta sha iska ba? Ko wace mace ta san wanga."

Ya murɗa.

Allah ya taimake shi, Yari ya iso daidai lokacin, ya cafki wuyan rigarsa ta baya ya fizge shi. Murfi ya tashi sama kamar an harba shi da bindiga, har yau ba a san rufin wa ya faɗa ba. Miya kore shar ta yi tsiri ta wuce tsayin mota, ta baje a sama, ta sauko. Ta sauka kan raken mai rake, ta sauka kan tiren tsire, ta sauka kan rawanin wani dattijo da ya zo raka baƙo. Amma mafi yawa kan mai ita ta sauka. Ɗahiru ya zauna daɓas a ƙasa, kore daga kai har gwiwa, yauƙi na zarya daga gemunsa zuwa ƙirji, yana yarfa hannun dama yana kiran sunan uwarsa.

Yari ya fizgi jarka daga kurar mai ruwa, ya kama hannun ya dinga kwarara masa. Wani ya ce a shafa manja, wani ya ce ɗanyen ƙwai. Yari ya ce, "Ruwa kaɗai! Miyar ta isa haka, kada ku ƙara mata kayan haɗi." Bayan hannun ya yi ja, ya ɗan tashi. Yari ya ce, "Ka gode Allah. Da huskarka na bisa, da yau Mashkura ba ta gane ka."

Da anka ga ba mutuwa, sai tasha ta ɓarke da dariya. Mai tsire ya ɗaga tsinke ɗaya mai yauƙi ya ce, "Wa ka sayen tsire da miya?" Dattijon nan yana warware rawani yana cewa shi dai bai taɓa ganin an yi sadaka ta sama ba. 'Yan kabu-kabu sunka shiga kiran junansu, wai a kawo tuwo gidan Injiniya an sauke.

Yari ya jira tururi ya lafa, ya leƙa, ya sa tsinke ya zaro wani curi na kuka da laka. Ya ce, "Dut hanyoyin sun toshe. Ruwa bai zagaya ba tun can baya. Ga iska ka hana ta shiga. Sai an sauke lagireto an wanke, a wanke cikin inji, sannan mu roƙi Allah gaskit na kan inji bai ƙone ba. Mi nic ce maka jiya?"

Ɗahiru ya share ido da gefen riga. Ya ce, "Amma ku hwaɗi gaskiya don Allah, yoyon bai tsaya ba?"

Kaka Rahama, da anka sauko da ita tana dogara sanda, ta ce, "Ya tsaya, maigida. Shi da motar duka."

Ana cikin haka taro ya dare. Labari ya riga ya kai gida, ga Hajiya Tani ta iso da mayafi a kafaɗa, Mashkura na biye. Hajiya ba ta dubi mota ba, ba ta dubi suruki ba. Bayan motar ta nufa. Ta sa hannu cikin kwando na farko, ta ɗago ƙulli, ganye ya langaɓe a hannunta kamar dafaffiyar rama. Ta ajiye. Ta ɗago wani, haka. Dariya ta mutu a tasha, don duk wanda ke wurin ya san abin da kwandon iri yake nufi ga mai fangali. Ta tura hannu can ƙasa, ta zaro wani, ta murza saiwar da yatsa.

Ta ce, "Na ƙasa na da rai. In sun shiga ƙasa kahin la'asar, su yi."

Mata sunka taru, anka juye kwandunan a inuwar rumfa, ana zaɓe ana yayyafa ruwa. Kwando shida sunka koma uku. Ɗahiru ya taso ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Hajiya, a gahwarce ni. Kanwar ta, ba ta da kyau."

Hajiya ta ce wa ɗiyarta, "Mashkura, karɓo min makullina."

Mashkura ta je ta miƙa hannu. Ya laluba aljihu, ya ciro shi yana ɗigar yauƙi. Ta riƙe shi da yatsa biyu, ta ce a hankali, "Da ka tambaye ni, da na ce maka gwangwani biyu da rabi miyar gidan biki ta." Ta yage gefen tsohon ɗankwali mai tsabta ta naɗe masa hannun sako-sako, don duk abin da ya yi mijinta ne.

Akwai wani Ismail mai jaki da ke kai tubali, yana tsaye yana kallo. Hajiya ta kira shi, anka ɗora kwando biyu bisa jakinsa, anka jiƙa buhuna anka rufe. Kaka ta karɓi igiyar jakin ta danƙa wa Ɗahiru a hannun hagu.

Ta ce, "Ungo, maigida. Wanga in ya ji zahi, da kainai shika tsayawa shi sha ruwa. Kada ka taimake shi."

Ɗahiru ya ja jaki, Ismail na biye da kwando na uku a ka, jama'a na rakiya. Sunka wuce rumfar mai rake. Daga nan ya fara waiwaye yana duban ƙafafun jakin. Ya tsaya, ya karkata kai.

"Malam Ismail, jakin ga naka yana jan ƙahwar baya ta hagu. Ka lura? Ni lokacin da nike Sakkwato, akwai wani magani da nig gani ana..."

Ismail bai bari ya ƙarasa ba. Ya sauke kwandon da ke kansa, ya ɗora shi bisa kan Ɗahiru, ya fizge igiyarsa.

"Wuce gaba, Injiniya. Kuma kada ka sake kallon jakina."

Haka ya ratsa gari har fadama, kore shar, kwando a ka, ruwan buhu na ɗiga masa a wuya, ƙudaje na rakiya. Da la'asar sakaliya anka gama dasa abin da ya tsira, rabin fangalin Hajiya ya zauna fayau babu komi.